Birkin Kawu Sale

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Laraba birkin Kawu Sale ya daina ci. Na san lokacin domin agogona na zuba wa ido, don kada in ga gangaren da muke sauka.

Ku da kuka taɓa shiga tsohuwar jif ɗinsa tsakanin Gwaram da Birnin Kudu kun san gungumen nan da ke zaune a kujerar gaba. Fasinja ya matsa, gungume ba ya matsawa. In an zo tsayawa sai Kawu ya daka tsawa, "Waigi!" na kusa da ƙofa ya dira ya cusa shi ƙarƙashin taya. Ran nan ni ce kusa da ƙofa, na dawo hutu daga makarantar horon malamai. Ina cikin gyara mayafina don in dira cikin mutunci, sai ga mu tsakiyar gonar gero a Zandam.

Mai gonar ya ɗago daga noma. "Malam Sale, yau ma?"

"Gaisuwa na shigo," in ji Kawu. "Ina gajiya?"

Ya shimfiɗa tabarma, ya kwance ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke damƙe faifan taya in an taka birki. Ya warware shi, ya wanke da kananzir, ya goge tsatsa, ya sauya robar ciki, yana lallashinsa kamar jinjiri. Lokacin arzikin mai ne fa, kowa na jefar da tsoho ya sayi sabo. Direbobin tasha sun sha ce masa ya canza. Amsarsa ɗaya ce: "Ƙarfen nan bai mutu ba, fushi ya yi."

Ni kuwa tsoro nake kada wata rana gangaren ya ƙare a rafi, ba a gona ba. Na karanta a laburare cewa in irin wannan ya cinye, canzawa ake yi. Na shirya jawabi mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa. Na tsaya a gabansa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kawu, sannu da aiki."

"Yauwa Binta! Shiga ki taka mini birki, mu fitar da iska."

Na shiga. "Taka! Saki! Taka! Riƙe!" Na riƙe. Shiru. Ashe an kira shi cin tuwon suna a maƙwabta. Ƙafata ta yi sanyi, ta mutu, ta fara rawa, amma an ce riƙe, ba a ce saki ba. Bayan la'asar ya dawo yana sakace.

"La ilaha! Har yanzu? To ai na samu birki. Gobe ke zan ɗaura a taya."

Da na fara koyarwa, na je Kano na sayo masa ƙarfen birki sabo fil a kwalinsa. Tunda baki ya ƙi, hannu ya yi magana. Kawu ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka har na ji kunya, ya zaga da shi tasha yana nuna wa kowa. Mako na zagayowa na tarar da shi kan tabarma, yana wanke tsohon. Sabon kuwa yana ɗakin matarsa, Inna Hajara, a saman jeren kwanoni, an ɗora masa ɗan kyalle mai ado.

Shekaru ina kallonsa a wurin, ban iya tambaya ba. Duk daminar duniya, in na ji an ce mota ta faɗi, sai in bi ina tambaya ko ta Kawu ce.

Ƙarshe a kan gadonsa Kawu ya cika, da carbinsa a hannu, lafiya lau da kowace gona. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa, Ya sa ya sauka a hankali inda babu gangare.

Ranar sadakar bakwai na tattara ƙarfin halina. "Inna, me ya sa bai taɓa sa sabon ƙarfen nan ba?"

Ta dube ni kamar ban taɓa shiga aji ba.

"Haba Binta. Cewa ya yi, kyautar 'yarsa ce zai riƙa takawa da ƙafa?"