Waƙar da Shanun Maigatari Suka Tattake

Mun tashi daga Gumel da asuba ranar Alhamis ɗin da ta wuce, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne a motar: yayana yana tuƙi, ni a gefensa, sai kakarmu ta wajen uba a baya, ta rungume jakar goronta kamar za a ƙwace mata. Ta daɗe tana roƙon a kai ta ta ga 'yarta a Gagarawa, ta kuma gaida ƙanwarta a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Shi kuma Yaya yana son leƙa kasuwar Maigatari, sai aka haɗa tafiyar wuri guda.

Akwai ta huɗunmu da ba ta ci ba ta sha: 'yar kyamarar da ke manne a gilashin gaba. Ni na zaɓo ta, kuma har yanzu zaɓin nan yana ci mini rai.

Mako guda kafin tafiyar, Yaya ya ce yana son kyamarar mota saboda gardamar masu babur idan an yi gogayya a hanya. Ya tura ni shago, wai ni ce mai karatu. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Ta farko ƙatuwa ce, baƙa, mummuna kamar kwaɗo, amma ya ce kowace waya a gidanmu za ta iya shiga cikinta ta kwashi abin da ta ɗauka. Ta biyu ƙarama ce, idonta kamar na kurciya.

"Wannan fa, Malama, waya ɗaya take sani," in ji shi. "Irin akuyar nan ce da ba ta amsa kiran kowa sai mai ita."

Na yi dariya na ce ai mota ɗaya ce, direba ɗaya. Na ɗauki mai idon kurciya don kyanta kawai. Yaya ya haɗa ta da wayarsa, ya kuma sa aka ja mata wuta daga batir don ta ci gaba da gadi ko an kashe mota.

Ina da wani buri da ban faɗa wa kowa ba. Kaka ta fara mantuwa. Takan nemi carbinta alhali yana hannunta. Na sha gwada ɗaukar muryarta, amma da ta ga waya sai ta ja mayafi ta ce, "Ƙawata, ni ba 'yar fim ba ce." Kyamarar mota kuwa tana ɗaukar sauti, kuma ba wanda ke tuna tana wurin.

Hanyar Gagarawa ta yi kyau da safiyar nan. Damina ta tattara kayanta, gero ya sunkuyar da kai, an yanke riɗi an jingina shi dami-dami yana shan rana, zoɓo kuma ya yi ja a bakin gonaki. A gidan Goggo aka kawo mana koko da ƙosai. Kaka ta ɗaga ƙosai ɗaya ta juya shi, ta ce a zamaninsu guda ɗaya sai a raba da maƙwabci, wannan kuwa ƙwayar magani ce aka soya. A nan Yaya ya ga akwai wuta ya sa wayarsa caji a bayan ƙofa. Ba mu tuna da ita ba sai da muka sake ratsa Gumel muka miƙa hanyar Sule Tankarkar. Ya lalube aljihu, ya yi tsaki, ya ce in kira Goggo ta aiko ta da motar haya. "Yau dai na huta da kira," in ji shi.

Daga Sule Tankarkar gonaki suka fara buɗewa, yashi ya yi fari, sama ta yi faɗi. Babura sun fi motoci yawa, wani ɗauke da buhu biyu da akuya da mai akuyar. Mun tsaya mun sayi fura da nono wurin wata Bafillatana da ta ce Kaka ta yi kama da innarta, ta ƙara mata ludayi guda kyauta.

Kafin mu shiga Ɗanzomo akwai wani tsohon gawo a gefen hanya, da bakin rijiya da ta daɗe da rushewa. Kaka ta dafa kafaɗar Yaya ta ce, "Maigidana, rage gudu." Haka take kiransa da wasa tun yana yaro.

Ya kamata ku san wani abu game da Kaka. Tunda nake ban taɓa jin sunan kakanmu a bakinta ba, yana raye ko bayan rasuwarsa. Malam take cewa. Ko wani aka raɗa wa sunan, mai sunan Malam take kiransa har ya yi furfura. Kunyar mutanen da ce, ba ta tsufa.

To a gaban rijiyar nan sai muka ji ta fara waƙa, a hankali, da wata murya siririya da ban san tana da ita ba. Waƙar budurwa ce mai jan ruwa: "Igiyata ta yi gajere, rijiya ta yi zurfi, wa zai ara mini tasa?" Sai ta ba kanta amsa da sunansa. Sunansa na yanka, tsirara, ba Malam ba komai, har sau biyu. Ta ci gaba, baiti bayan baiti, da shanun mahaifinsa da ya kawo shayarwa, da yadda ta ɓoye fuska a bayan tulu.

Ni da Yaya ba mu kalli juna ba. Wayata tana kan cinyata, ban taɓa ta ba don kada tsuntsuwar ta tashi. Na kalli ɗan jan hasken kyamarar yana ƙyaftawa, na ce mata a zuciyata, riƙe mini. Da muka wuce gawon Kaka ta gyara mayafi ta ce, "Kai kuma ka taka motar mana, kana tafiya kamar hawainiya."

A ƙauyen, tsofaffin biyu suka rungume juna suna kuka suna dariya, aka kawo dambu da zogale. Ni kuwa na zame na koma mota. Na ɗaga waya sama ina neman sabis har na sauke manhajar kyamarar, na gwada shiga. Ta ƙi. Ta ce tana ɗaure da wata waya. Na gwada sau huɗu, akuyar ba ta san muryata ba, wayar mai ita kuma tana bayan ƙofa a Gagarawa. Na ce ba komai, abin da aka ɗauka ai ya ɗauku, idan mun koma gida ma gani.

Maigatari ranar kasuwa duniya ce. Shanu masu dogayen ƙaho, raƙuma suna kallon mutane da raini, manyan motoci sun yi layi, masu canji suna kaɗa sefa, Hausar Damagaram da ta Kano suna cakuɗa a baki ɗaya. Yaya ya ajiye motar a bakin kara, wato kasuwar dabbobi, ya shige cikin dillalai. Ni da Kaka muka zauna a rumfar wata mai tuwo, muka sayi dogon burodin nan na ƙetare, muka yi azahar, muka yi la'asar. Ina ta murmushi ni kaɗai kamar mai ɓoye zinariya a bakin zane.

Mun iso Gumel rana tana shirin faɗuwa, muka biya tasha muka karɓi wayar. A tsakar gida Yaya ya buɗe, na leƙo ta kafaɗarsa. Abu na farko da ya fito shi ne bayan wani bijimi yana kaɗa jela, da muryar dillali yana rantsuwa. Muka ja baya, babu baya. Ashe mimorin, ɗan katin ajiyar da ke cikinta, ƙarami ne, idan ya cika sai kyamarar ta goge mafi tsufa ta rubuta sabo a kai. Duk awannin da nake murmushi a rumfa, shanun Maigatari suna tattake waƙar Kaka baiti-baiti.

Na kira mai shagon. Ya ce da na zare mimorin a ƙauyen, ko na danna ɗan maɓallin hana gogewa da ke gefe, da waƙar ta tsira. "Ba ki tambaya ba, Malama." Gaskiya ya faɗa. Da kwaɗon na ɗauka, da tun a ƙauyen nan na kwashe ta cikin wayata.

Ga abin da tafiyar ta koya mini. Mota ba ta direba kaɗai ba ce, ta duk wanda ya zauna a ciki ce. Idan za ku sayi kyamarar mota, ku tambaya waya nawa take karɓa, awa nawa take riƙewa kafin ta goge, kuma ku gwada da wayoyi biyu tun a shagon. Kada ku zaɓa da ido kamar ni.

Kaka tana alwala ta ga ina share hawaye. Na durƙusa na ce, "Hajiya, waƙar rijiyar nan, ki sake yi mini."

"Wace waƙa?"

Har yau ban sani ba ko mantuwa ce ko kunya. Sai ta nuna motar da haɓa. "Wancan abin na gilashi, ya ji ni?"

"Ya ji, amma bai riƙe ba."

Ta ɗauki butarta ta miƙe. "Madalla," in ji ta. "Ashe ya fi ku tarbiyya."