Kawu Bala da Tambayarsa

Ku da kuka zauna da Kawu Bala a unguwar Al Nahda ta Dubai kun san ba ya gaisawa da baƙo sai ya jefa masa tambayar nan: "A ƙasarku an yi yaƙi? To, da aka gama, me aka fara gyarawa?" Direban tasi, likita, mai shayi, babu wanda ya tsira.

Yayan mahaifiyata ne. Yana saurayi ya zaga garuruwan kudu da kyamara bayan yaƙin basasa, yana ɗaukar masu komawa gida, da matan da suka sake kafa kasuwa a kango. A 2011 na kawo shi Dubai aikin ido, sai ya ƙi tafiya.

Na kai shi dogon benen nan da kowa ke hoto a gabansa. Wallahi sai ya juya masa baya, ya durƙusa yana ɗaukar wani mai shara!

"Kawu, ga benen can!"

"Benen zai tsufa a nan. Wannan bawan Allah bizarsa ta kusa ƙarewa."

Ranar sunan ɗan maƙwabcinmu, mutumin Kumasi, aka jeru don Kawu ya ɗauki hoto, kowa ya washe baki. Kawu ya ƙi dannawa. "Ku mayar da haƙoranku, murmushin hoto ƙarya ne." Da aka gaji aka watse, sai ƙas! Ya kama kakar jariri da cinyar kaza a baki. Har Kawu ya rasu ba ta amsa gaisuwarsa.

Mai gadin gidanmu ɗan Sri Lanka ne, yaƙinsu bai daɗe da ƙarewa ba. Shi kaɗai ya kasa amsa tambayar Kawu. Ya ce bai sani ba, gudowa ya yi, kuma uwarsa ba ta yarda yana raye ba, ta ce murya a waya ai kowa ma yana da ita. Kawu ya ce sai ya ɗauke shi hoto. Lokacin idon Kawu ya kusa tafiya, ni nake saita masa kyamara. Ya lalubo kwalar mutumin ya gyara masa, ya ce da ɗan Larabcinsa, "Yalla, habibi, maza abokina, yi dariya."

"Kai, Kawu! Ba kai ka ce ƙarya ne ba?"

"Rufe min baki. Wannan na uwarsa ne."

Bayan wata biyu Kawu ya kwanta, bai tashi ba. Mai gadin nan ya bi mu har maƙabarta, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kuka.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya haskaka masa kabarinsa. Amin.