Murfin da Baba Mijinyawa Ya Ƙi Liƙewa

"Ni dai walda na ce," in ji Malam Dalhatu, shugaban kwamitin masallacinmu na Garo. "A liƙe bakin nan da wuta, kowa ya huta."

Baba Mijinyawa, mai gyaran famfo, na tsugune a bakin ramin bututun ruwa, bai ɗago ba. "Malam, walda ai ba ta da wuya. Kafin la'asar na gama. Ranar cirewa ce aiki."

"Wa ya ce za a cire?"

"Ni."

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ne. Masallaci ya riƙa cika har waje, ruwan alwala ya yi kaɗan, sai gari ya yi gayya aka jawo bututun ƙarfe daga tankin burtsatse zuwa bayan masallaci. A nan bututun ya ƙare, a nan kuma gardama ta tashi kan abin da za a toshe bakinsa da shi.

Baba Mijinyawa ɗan Unguwar Tudu ne, can bayan gonaki, inda zuriyar makiyaya suka zauna suka kama noma. Yana saurayi ya tafi Kano, ya yi shekaru a wata masaƙa yana kula da bututun ruwa da na tururi. Da tsuke bakin aljihu ya zo, masaƙar ta rufe. Ya dawo gida da jakar sifanu da tsohon keke, yana bin masu lambu tsakanin Kabo da Gwarzo yana gyara musu injin ban-ruwa. Yayarsa, Inna Altine, tana Tudu har lokacin, kullum sai ta gangara rafi da tulu ga ciwon gwiwa. Ya sha gaya mini cewa duk ruwan da ya ja wa injuna a Kano, bai taɓa ja wa yayarsa ko kofi ɗaya ba.

Ya shimfiɗa buhu, ya zazzage murafan da ke jakarsa.

"Wannan na walda ne," ya ce, ya ɗaga wani mai kama da ƙwarya. "In ka sa shi, ka ce wa ruwa iyakarsa nan. Wannan na roba ne, da gam ake liƙa shi, ba ya zama a kan ƙarfe. Wannan kuwa murɗawa ake yi."

"To shi ne ba na so," in ji Malam Dalhatu. "Mutanenku za su murɗe su shayar da shanu, mu wayi gari tanki ba ko ɗigo."

"Gaskiyarka. Ni ma da ina da shanu da na murɗe."

Aka yi dariya, har da Malam. Baba Mijinyawa ya sa hannu can ƙasan jaka ya ciro wani farantin ƙarfe mai kauri, da huji kewaye da bakinsa.

"A masaƙa, inda duk muka san layin bututu zai ci gaba wata rana, wannan muke ɗaurawa da noti. Hannu ba ya buɗe shi. Zan huda kusa ɗaya in rataya kwado, makulli yana aljihunka. In kaka ta wuce, mutanen Tudu za su haƙa ramin bututu zuwa unguwarsu da kansu, su sa famfo mai kwado irin naka. Ran nan kai za ka buɗe."

Malam Dalhatu ya karɓi farantin yana jujjuyawa. "A wannan tsadar, ina za ka samo bututun da zai kai Tudu?"

"Guntu-guntu. Akwai tsofaffi wajen wani mai lambu a Kutama. Ya ce in tayar masa da injinsa in kwasa."

"In ba su kai ba fa?"

"Inda suka tsaya in sake ɗaura faranti."

Malam ya daɗe yana duban hanyar Tudu, sannan ya miƙa masa farantin. "Ɗaura. Amma kwadon ni zan zaɓo, ban yarda da naka ba."

Baba Mijinyawa ya haɗa wa bakin bututun zoben ƙarfe mai huji, ya ɗora farantin da roba a tsakani, ya ɗaure notin ɗaya nan ɗaya can har suka zauna daidai. Aka saki ruwa. Ya shafa ƙasan farantin, ya duba tafinsa, a bushe.

Ya tattara jakarsa ya rataya a keke. Tayar baya ba iska, sai ya kama ƙahon ya tura shi a ƙasa, ya nufi Kutama.