Kawu Iliya da Ƙarfensa

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na ƙauye, can bayan Zugu, ya san yadda Kawu Iliya ke fara yini. Zai fito ƙofar ɗaki, ya kare ido da tafin hannu, ya ƙare wa gabas kallo kamar mai jiran motar kasuwa. Can sai ya sauke hannu ya ce, "To, bai iso ba tukuna. A miƙo mini hauya." Yesu yake nufi. Bai cika kiran sunansa ba, Maigida yake ce masa, kuma a wurin Kawu kullum Maigida yana hanya.

An ce in faɗi wani abu a kansa, tunda ni ce ɗiyar yayarsa kuma a hannuna ya cika. Zan faɗa, amma kada kowa ya sa ran zan shafa masa mai. Mutumin kirki ne, ban musa ba. Sai dai furfurar nan da kuke gani a kaina shi ya shuka rabinta, a shekarar da na yi ta faman fitar da shi daga ƙauye kafin 'yan bindiga su kashe mini shi. Zan zo nan. Ku fara tuna irin kan da na yi fama da shi.

Wata shekara, dab da faɗuwar damina, wani mai wa'azi baƙo ya zo mana a kan babur da lasifikarsa. Ya ce ya ga alamu, duniya ba za ta kai kaka ba, shuka ɓarnar iri ce, a bar gona a zauna coci ana kuka. Mata suka fara sheshsheƙa. Innata har ta fara tunanin yanke kajinta duka. Kawu ya bari mutumin ya gama tsaf, sannan ya ɗaga hannu.

"Malam, wancan ƙullin da ke ɗaure bayan babur ɗinka, mi ne ne?"

"Irin gero ne, Baba. An ce na ƙasarku yana saurin nuna, matata ta ce in taho mata da shi."

Kawu ya gyaɗa kai.

"To, ka gaida matarka. Ta fi ka karatu."

A ƙofa ya ce mana, duk wanda ya ce ya san ranar, a tambaye shi ko ya san ranar da akuyarsa za ta haihu. "Mai jiran baƙo shara yake yi," in ji shi. Muka tafi muka yi shuka.

Kuna dariya don baƙo ne ya sha. Mu na gida kullum muke sha. Na taɓa yin kuskuren barinsa ya tsare mini wake a kasuwar Gummi, na je neman canji. Na dawo na tarar ya tura hannu har gwiwa cikin buhuna, ya ɗebo na ƙasa yana nuna wa wata mata.

"Kin gani, na sama ya fi kyau. Na ƙasa akwai ƙwari kaɗan."

Matar ta yi godiya ta wuce. Na ce, "Kawu, wane wake ne a duniyar nan ba shi da ƙwaro? Wa ya tambaye ka?"

"Asabe, so kike Maigida ya iso ya tarar da ni zaune bisa buhun da na yi wa shiru?"

"Buhuna ne ai, ba naka ba."

"Shi ya sa na taimake ki."

Da waken na koma gida.

To, sai zaman ƙauye ya lalace. Yau a ɗauke shanu, gobe a ɗauke mutum a gona. Mu Kiristan wurin dama ba mu da yawa, muka tattara muka koma Gummi, muka sami wata rumfa muna sujada a ciki. Kowa ya tashi ban da Kawu. Dalilinsa kuwa wani tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a icen dogon yaro a ƙofar coci. Shi ne ƙararrawarmu, kuma tun ina goye Kawu ke buga shi, safiya da Lahadi. Ya ce aikin da aka ba shi ke nan. Mutane sun watse, benci babu kowa, shi yana nan yana bugawa ƙadangaru suna saurare.

Na yi ta hawa kabu-kabu ina zuwa, hanyar da ko maza ba sa son bi. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka na gaske da na ƙarya. Ya ce, "In mai gida ya dawo ya tarar mai gadi ya tahi Gummi cin tuwo, mi zai ce?" Na ɗauko masa Littafi, na nuna masa cewa shi kansa Yesu an gudu da shi Masar yana jariri.

"Karatun ajin manyan da kike zuwa ya fara aiki," in ji shi. "Amma mala'ika ne ya ce wa Yusufu ya tashi. Ke mala'ika ce?"

"Ni ce wadda ka samu."

"Ban taɓa jin mala'ika mai baki irin naki ba."

Na fita ina huci, na faɗa zauren maƙwabcinsa, Baba Umaru, limamin ɗan masallacin unguwar, abokinsa tun suna kiwon awaki. Shi ma 'ya'yansa na Anka sun gaji da roƙonsa. Na ce, "Baba, kai mi ya tsayar da kai?"

"In na tahi, wa zai duba wanga mahaukacin?"

Ashe shi ma Kawu yana gaya wa mutane ba zai bar Umaru shi kaɗai ba. Tsofaffi biyu, kowa ya riƙe ƙafar wani, suna jiran a zo a harbe su tare. Na ce masa haka, ban rage ba. Baba Umaru ya ja carbinsa ya ce, "Ɗiyata, raƙumi ba a tura shi. Akala ake ja." Ya nuna dogon yaro da leɓe.

Kawu yana gona muka kwance ƙarfen. Limami da kansa ya hau turmi ya warware wayar, ni na tare daga ƙasa, saura kaɗan ya karya mini ƙafa. Na ɗora shi a cinya bisa babur. Duk ramin da muka faɗa sai ya yi ƙara, har ɗan kabu-kabun ya ce, "Inna, don Allah ki riƙe abin nan, da kanki kike kiran ɓarayi." Na cire mayafina na naɗe shi. Haka na shiga Gummi, kai babu lulluɓi, rungume da ƙarfe kamar jinjiri.

Na sa aka rataye shi a ƙofar rumfarmu, na hana kowa taɓawa. Ranar Lahadi da safe, mun taru, sai ga babur ya tsaya. Kawu ya sauko, guntun ƙarfen da yake bugu da shi a hannu, ko gaisuwa babu.

"Ina ɓarauniyar?"

"Ga ni."

"Abin Allah kika sata, Asabe."

"Daga ɗakin Allah na kai shi ɗakin Allah. Kai ƙara."

Ya nufi ƙarfen zai kwance. Sai wata tsohuwa daga cikin rumfa ta ce, "Iliya, rana ta yi, mu kam tun ɗazu muke jira." Ya tsaya. Ya dubi mutanen, waɗanda ya yi wata da watanni yana kira ba su zuwa, ga su zaune a tabarma. Ya ɗaga hannu ya buga. Mata suka fashe da kuka, ni ban yi ba, haushi nake ji.

Yini guda bai yi mini magana ba. Rana ta kusa faɗuwa sai ga shi a bakin murhuna, fuska a murtuke.

"Na yafe miki. Ba don halinki ba. Don ban sani ba ko yau ne Maigida zai iso."

Ya ce bayan Lahadi zai koma da ƙarfensa. To, kowace Lahadi akwai wata a bayanta, mutane kuma suna jira. Baba Umaru ya ga akala ta ja, ya bi 'ya'yansa Anka. Ba a daɗe ba aka shiga ƙauyen da rana tsaka, aka ƙone abin da ya rage, har da cocin. Na kawo wa Kawu labari, na tsaya ina jiran kalma ɗaya tak ta godiya. Sai ya ce, "Da ina nan da na kashe wutar."

Wallahi da ba ƙanen Innata ba ne da na kife masa tukunya.

Har ya bar duniya bai gode mini ba, kuma ɓarauniya yake kirana a gaban baƙi. Amma a kan katifa ya cika, a ɗakina, hannunsa cikin nawa. Muka yi masa wanka, muka raka shi da waƙa, muka san inda kabarinsa yake. Da yawa cikinku ba ku sami haka da naku ba, na sani.

Ya Ubangiji, ga bawanka Iliya nan ya riga mu isowa. Yana da taurin kai, amma kai ka yi shi, kuma ka fi ni haƙuri. Ka ba shi hutu. Mu da muka rage, ka same mu a bakin aikinmu. Amin.