Hannuna a Kwanon Yaya

Ƙishirwa ce ta fara zuwa. A shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shiga ƙauyukanmu na tsakanin Kura da Bunkure, ina tsakiyar noman rani, ga albasa ga tumatir a bakin kanal. Sai in shanye buta guda a tsaye, kafin in kai ƙarshen kunya maƙogwarona ya sake bushewa. Bayan ƙishirwa sai yawan fitsari. Bayan fitsari sai rama: wandon da aka ɗinka mini da ƙaramar salla, kafin babbar salla ya zama kamar na aro. Mai ɗakina ce ta lura kiyashi na taruwa inda nake tsugunawa a bayan gida, ita ce kuma ta matsa mini har na hau mota zuwa wani asibiti a Kano.

Likitan ya sa aka ɗebi jinina, aka auna. Ya ce, "Baba, ciwon suga ne. Ba ya warkewa, amma ana zama da shi." Ya tambaye ni abin da nake ci. Na lissafa masa: koko da suga da safe, shinkafa da rana, rake a gona, tuwon shinkafa bayan magariba. Ya ce me nake nomawa da damina. Na ce shinkafa. Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Na dawo gida da ƙwayoyi da dokoki, raina a ɓace. Tun ina saurayi nake shiga ruwa har gwiwa ina dashe, in yi gadin tsuntsu, in yanke, in sussuka, in kai injin casa, yau a ce rabona daga shinkafar nan bai wuce dunƙulen hannuna ba. Amma ni idan aka ba ni doka, ina bin ta. Na tsara wa mai ɗakina komai: tuwon alkama ɗan kaɗan, wake, kwaɗon zogale, shayi ba suga, ƙwaya a kan lokaci. A cikin gida ban sha wahala ba. A ƙofar gida aka kayar da ni.

Muna da ciyayya tun zamanin mahaifinmu. Da an idar da magariba, kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, a shimfiɗa tabarma a zauna. Tsarin ba ya canzawa. Kwanon babba ake fara buɗewa, kowa ya sa hannu, sai an ga ƙarshensa a jawo na mai bi masa. Tun da mahaifinmu ya rasu, kwanon Yaya ne na farko, kuma kusan kullum tuwon shinkafa ne, domin matarsa ta iya shi, an san ta da shi.

Ban ɓoye komai ba. Ranar da na dawo daga Kano na yi musu bayani dalla-dalla, na faɗi sunan ciwon, na faɗi abin da aka hana ni.

Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifinmu, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce, "Ciwon suga? Kai da sai baƙo ya zo ake ganin suga a gidanka? Wannan ai ciwon alhazan birni ne masu tumbi. Kai ina tumbin?"

Aka yi dariya. Yaya ya ce, "Allah ya ba da lafiya." Ya buɗe kwanonsa, ya turo shi gabana. "Bismilla."

Na ce, "Yaya, shi ne fa abin da na gama faɗa yanzu."

Ya ce, "To."

Na jira aka gama da nasa, na jawo nawa na ci wakena. Haka muka yi ta yi. Na ɗauka an fahimce ni. Ashe babu wanda ya ji komai, ido kawai suka zuba wa hannuna.

Mai ɗakina ce ta kawo mini maganar daga wani gidan suna. Wai an ce ramar da nake yi ba ta asibiti ba ce, sammu ne. Wai na je an duba mini, an ce a abinci aka ba ni, shi ya sa na janye hannu daga kwanon Yaya. Har dalili sun samo. Da aka raba mana gado, gonar da ke kusa da ƙofar ruwa ita ta faɗo mini, ta Yaya kuma tana can ƙarshen layi inda ruwa ke isa a makare. Ba mu taɓa sa-in-sa a kan wannan ba, ko sau ɗaya. Amma mutanen da ba su iya tuna ranar da ruwa zai zo layinsu sun tuna da rabon gadonmu.

Na yi fushin da ban taɓa yi ba. Na yi niyyar in bi gida-gida, sai na ga wa zan kama? Kowa zai ce shi ma ji ya yi.

Maganar ta kai ga Yaya. Wata magariba ya buɗe kwanonsa, bai ce kowa ya sa hannu ba. Ya yanki loma daga gefen da ke gabana, ya dangwali miya, ya haɗiye. Ya sake yanka daga tsakiya. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ga shi na ci. Idan akwai abin da ke ciki, mu tafi tare."

Mutumin da ya goya ni ina yaro. Na sa hannuna a kwanon, na ci malmala guda cur. Washegari ma na ci. Na ci gaba da ci, har da furar da ake damawa da suga a gidansa, don in rufe bakin mutane. Ina ci ina sane da abin da nake yi wa jikina, ina kuma jin haushin duk wanda ke kan tabarmar.

Jikin bai yi mini kara ba. Ƙishirwar ta dawo, idona ya fara ganin hazo, wata rana da hantsi ina buɗe wa albasa ruwa jiri ya kwashe ni a bakin kanal. Aka kwantar da ni a asibiti, aka yi mini allurai da ƙarin ruwa. Likitan ya yi mini faɗa kamar ɗansa. Ya ce in na ci gaba, ido ko ƙafa, in zaɓi wanda zan fara rasawa.

Sai ga masu dubiya. Ina kwance ido rufe, suna zaton barci nake, na ji wani yana raɗa wa wani, "Ka gani ko? Da ya daina ci ya murmure, da ya koma ci ya faɗi." A nan na gane inda aka saka ni. In na ƙi ci, na zargi ɗan'uwana. In na ci na kwanta, na kafa masa shaida. Don in wanke shi na ci, sai ga shi na ƙara shafa masa baƙi.

Yaya ya zo dubiya hannu rabbana, ko lemo ɗaya bai riƙo ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa. Na ce ya miƙo mini kofin ruwan da ke kan durowa. Ya dubi kofin, ya dubi mutane, ya ce wa mai ɗakina, "Ba shi." Wannan ya fi mini allurar ciwo.

Da aka sallamo ni na zauna na yi tunani a tsanake. Ba zan sake cin abin da zai makantar da ni ba. Ba kuma zan bar Yaya da wannan suna ba. Na sa aka niƙo alkama, na auno wake, na ɗora a keke da rana tsaka, na bi ta gaban masu shayi da masu faci don kowa ya gani, na yi sallama a gidan Yaya. Matarsa ta fito, ta gaishe ni a ciki-ciki.

Na ce, "Uwargida, daga yau ke za ki riƙa yi mini tuwon dare."

Ta ce, "Ni? Malam, ka rufa mini asiri. Wanda aka ce na yi bai isa ba?"

Na ce, "Shi ya sa. Alkama ce, malmala ɗaya ƙarama. Miya ganye ya fi yawa. Ba suga, ba shinkafa. Tukunyarki, hannunki, kwanon gidanki."

Ta ce, "In kuma ka sake faɗuwa fa?"

Na ce, "In kika bi abin da na faɗa, ba zan faɗi ba, in Allah ya yarda."

Mai ɗakina ba ta ji daɗi ba, kuma tana da gaskiya. Ita ta gano ciwon, ita ta yi jinya, sai ga girkin darenta an kai wani gida. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai ta dole. Wannan ma yana cikin abin da masu surutu suka jawo mini, kuma ban yafe musu shi ba.

Daga ranar kwano biyu ke fitowa daga gidan Yaya, babba da ƙarami. A buɗe su tare, su ci nasu, in ci nawa a gaban kowa, in suɗe. Taubashina ya taɓa kai hannu ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska ya ce, "Wallahi ko sammun ne ya fi wannan daɗi." Yaya ya yi dariya har da tari, karo na farko tun da abin ya faro.

Jikina ya dawo a hankali. Babu wanda ya zo ya ce ya yi kuskure. Wasu ma cewa suka yi an karya sammun ne. Yaya kansa har ya bar duniya bai taɓa kiran ciwon da sunansa ba, sai dai ya ce "larurar nan taka". Amma in ƙaramin kwanon ya makara, shi yake ɗaga murya ya tambayi cikin gida, kuma ba ya yarda a buɗe babban sai nawa ya iso.