Ƙunshin da ya hana Barira biza

Rigima ɗaya Barira mai wake ta taɓa shan ƙasa a Tsanyawa, ita ce tsakaninta da Aina'u mai lalle. An yi mata ƙunshin Salla, kwana uku ya koɗe, ta je har gida tana zage-zage. Aina'u ta kama hannun ta ɗaga wa mata.

"Ku duba! Mace ta yini tana cuɗa wake da toka, ta ce lallena ne ba kyau. Ko fentin mota ne ai ya gudu."

Aka kwashe da dariya. Barira ta fita tana ƙunƙuni, Aina'u na bin ta da rantsuwa: wata rana sai ta yi mata wanda ba ya fita.

Tokar nan kuwa ita ce sana'ar Barira. Shekara talatin tana adana wani jan wake da ta gada wurin uwarta, mai nuna kafin gero. A tulu take zuba shi da toka, ta liƙe bakin da laka, ƙwaro bai taɓa ɗanɗanawa ba. Kamaruddeen malamin gona ya gani, ya rubuta, sai ga takardar gayyata: ana taron masu adana iri a ƙasar Turawa, ana son ta je ta yi bayani da bakinta.

Aka yi fasfo, aka sa ranar neman biza a Abuja. To, wace mace ce za ta shiga gaban manya da hannu fari fat kamar mai takaba? Barira ta haɗiye girman kai ta koma wurin Aina'u. Ita kuwa ta cika alkawari. Sau uku ta ɗaura, yatsun suka fito baƙi ƙirin.

A ofishin aka ce ta ɗora yatsu a kan wani ɗan gilashi mai ɗaukar zanensu. Ta ɗora, injin ya ƙi. Ta goge su a bakin zaninta, ya ƙi. Yarinyar da ke bayan tebur ta ce, "Mama, sai lallen ya fita."

Saura kwana goma sha tara taro. Barira ta dawo ta hau yatsunta da lemon tsami, da toka, da dutsen goge kaushi. Lallen ya fita, ya tafi da fata. Da ta koma, injin ya ce bai ga zane ba sam. Aka ce ta jira su warke. Taro kuwa ba ya jiran yatsa.

Kamaruddeen ne ya tafi, da wakenta mudu guda a jaka. Ya dawo da takardar yabo ɗauke da sunansa. Nata sunan, in ji shi, ya faɗa da baki.

Da bazara ya sake zuwa neman iri, wai akwai wani taron. Ta ce babu. Ya zauna ya yi ta ja.

"Haba Inna, laifina ne? Har tafi aka yi miki."

"Ban ji ba."

"Irin nan fa na al'umma ne. Ni wakiltarki kawai na yi, tunda injin ya karɓe ni."

Barira ta dube shi, ta dubi hannunsa sumul, ta tura masa kwanon toka da ƙafa.

"To ɗana, sa yatsun da injin ya sani a nan, shekara talatin. In sun rage, ka zo in ba ka wake."