Daminar da Lalo Ya Sami Maigadi

An haifi Marka a Dakko, aka kai ta aure Birnin Tudu, mijin ya rasu ya bar ta da yara biyar da akuya ɗaya. Gona kuwa 'yan'uwansa suka raba cikin adalci, wato a tsakaninsu. Abin da ya rage mata shi ne lalo, ganyen nan mai yauƙi da ke fitowa da kansa tsakanin kunyoyin gero idan ruwa ya zauna.

A Birnin Tudu lalo ba shi da mai shi. Mace takan shiga gonar kowa da ƙwaryarta ta tsinki kan lalon, mai gona ya yi mata sannu da aiki ya ci gaba da nomansa. Maza suna lissafa shi cikin ciyawa. Ana cin miyarsa a kowane gida, amma idan baƙo ya yi sallama akan tura tukunyar bayan rumbu a aika neman kuɓewa. Shekara talatin da wani abu Marka tana tsinkarsa, yawanci a gonar Alhaji Barau, wadda ta fi kowace girma da laima. Ta shanya a inuwa, ta daka, ta kai kasuwar Mafara ran Talata. Da shi ta aurar da 'ya'ya mata uku.

Wata damina farar mota ta tsaya ƙofar gidan mai unguwa. Wata malamar jami'a ce, Dakta Hafiza, ta zo binciken amfanin lalo ga lafiyar ɗan Adam. Aka kai ta wurin Marka. Bayan an gama tambayar gida da gajiya da ruwa, Dakta ta buɗe takarda ta tambaye ta giram nawa take zubawa a miya. Marka ta nuna mata tafin hannunta. Dakta ta rubuta. Ta tambaye ta ko ta taɓa lura da wata illa. Marka ta ce yakan zame daga loma ya ɓata riga. Wannan ma aka rubuta. Sannan aka zuba ganyen cikin leda, aka manna masa lamba, aka sa shi a kujerar baya ta mota mai sanyi. Marka ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an girmama lalo haka ba.

Binciken ya ci wata goma sha ɗaya. An busar da ganyen a na'ura, an niƙa, an ƙona, an auna tokar, an ba ɓeraye. Daga ƙarshe aka tabbatar cewa lalo yana da sinadarin ƙarin jini da bitamin iri-iri, yana taimakon ciki, kuma ana iya cinsa. An kuma gano cewa kanwar da mata ke sawa tana rage masa amfani. Rahoton ya fito da Turanci a wata mujalla, da sunayen mutum shida a sama. Marka ma tana ciki, a shafi na huɗu, a matsayin mai amsa tambaya ta goma sha bakwai.

Da ba don rediyo ba, da maganar ta tsaya nan. Amma wani mai shirin lafiya ya karanta labarin da safe, ya ƙara da cewa Turawa na neman ganyen ruwa a jallo. Alhaji Barau ya ji da kunnensa. Kafin azahar ya gane cewa shekara talatin ke nan ana kwashe masa magani da ƙwarya, shi kuwa yana yi wa masu kwasar sannu da aiki.

Washegari Marka ta iske Surajo, wani magidanci mai gemu, zaune a bakin gonar da sanda.

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Alhaji ya ce daga yau lalo nai na da tsaro."

"Mi kaka tsaro, Surajo? Hakin da uwarka ta yaye ka da shi?"

"Shi hwa, Inna. An ce yanzu ya zama kimiyya."

Sauran masu gona suka bi sahu, don ba wanda yake son a ce shi kaɗai bai san darajar abinsa ba. Marka ta koma bin gefen hanya da bakin rafi, inda awaki suka riga ta. Talata uku a jere ba ta je Mafara ba. Ta huɗu ta je da akuyarta, ta dawo ba ita.

Shi kuwa lalon Alhaji ya zauna lafiya yana jiran masu saye daga jami'a. Abin da Alhaji bai sani ba, kuma bai tambaya ba tunda maganar mata ce, shi ne tsinkar nan ita ke sa lalo ya yi rassa ya ci gaba da fitar da ɗanyen ganye. Da aka ƙyale shi sai ya miƙe ya kai ƙirji, ya yi fure, ganyen ya ƙanƙance ya yi tauri, ya ɗauki 'ya'ya. Farar mota ba ta dawo ba. 'Ya'yan suka bushe suka fashe, iri ya watsu ko'ina, Surajo yana gadi.

Da ruwa ya sauka a damina ta gaba, gonar ta tashi kore shar, kamar an shimfiɗa darduma. Geron Alhaji yana can ƙasa yana neman numfashi. 'Yan ƙwadago suka nome sau biyu, lalo ya sake fitowa sau biyu. Aka ba shi shawarar feshi, ya ce ba zai kashe magani da magani ba, mutane su ji.

Wata safiya ya yi sallama ƙofar Marka da kansa. Ya tambayi kwana, da yara, da jikoki, da ciwon gwiwa. Ya yi maganar ruwan bana. Ya yi maganar zumunci, da yadda marigayi mijinta yake mutumin kirki. Can ya ce ya yi tunani, bai kamata a hana bayin Allah abin da Allah ya fitar ba.

"Alhaji, ni ɗaya ba ni iyawa," in ji Marka. "Sai in kira mata. Kuma Surajo shi aje sandar shi ɗauki ƙwarya."

Haka aka yi. Daminar nan Marka ta kai buhu Mafara, ba ƙwarya ba, ta kuma sayi akuya mai ciki.

Ta ji labarin kanwa daga baya, wajen wata jikarta mai karatun aikin jinya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Dakta mutuniyar kirki ce, Allah ya ƙara mata sani. Sannan ta jefa kanwar a tukunya ta ɗauki maburgi.